Tasirin Hanyoyin Gusar da Jin Zafi a kan Ƙwayoyin Garkuwar Jikin Tsofaffi a Lokacin Tiyata

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda hanyoyin gusar da jin zafi a ɗakin tiyata suke taɓa ƙwayoyin garkuwar jikin tsoho. An fara da bayanin sauyin da tsufa yake kawo wa garkuwar, da wanda wuƙar tiyata take ƙarawa, sannan aka bi magungunan da aka fi amfani da su. Nazarin ya gano cewa bambancin da ake gani tsakanin magungunan a ɗakin gwaji da jikin dabbobi bambanci ne na haƙiƙa, amma manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan marasa lafiya daga 2019 zuwa 2023 ba su nuna ya sauya tsawon rai ko dawowar sankara ba.

1.0 Gabatarwa

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci iskar ita a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston ta Amurka, aka cire masa ƙari a wuya ba tare da ya ji yankan ba. Shekara guda bayan haka James Young Simpson ya shigo da kulorofom a Edinbara, kuma a 1898 August Bier ya yi allurar baya ta farko don tiyata a Kiel ta Jamus. Tun daga nan aka sami manyan hanyoyi biyu: a sa mutum barci gaba ɗaya, ko a kashe ɓangaren jikin da za a yanka shi kuwa yana farke. Ba a jima ba aka fara zargin cewa maganin barcin yana yin wani aiki bayan wanda aka ba shi. A 1911 Evarts Graham ya wallafa nazari da ya nuna iskar ita tana rage wa fararen ƙwayoyin jini ikon haɗiye ƙwayoyin cuta. Ke nan tambayar ta haura shekara ɗari.

Abin da ya sabunta ta shi ne yawaitar tsofaffi a kan gadon tiyata. Ɗan shekara saba'in da biyar da ya karye a kwatangwalo, ko aka cire masa sankarar hanji, ba kasafai yankan kansa yake kai shi lahira ba. Abin da ya fi kashe shi yana zuwa ne a kwanakin baya: ciwon huhu, ko miki ya yi ruwa, ko ƙwayoyin cuta su shiga jini. Idan har zaɓin magani zai iya rage wannan haɗari, to zaɓi ne mai sauƙin farashi, domin dole a ba da maganin ko ta halin ƙaƙa.

1.1 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

A bakin jama'a ana cewa "allurar barci" ga kowane irin barcin tiyata, ko da iska aka shaƙa. Maƙalar ta raba su biyu: "barcin iska", wanda ake riƙe shi da iskar shaƙa irin su halotan da aisofuluren da sebofuluren, da "barcin jijiya", wanda ake riƙe shi da magani ta jijiyar jini, musamman furofofol. "Allurar baya" ita ce wadda ake zuba magani a ruwan da ya kewaye laka. "Allurar gefen laka" kuwa tana tsayawa a wajen fatar da ta lulluɓe laka, kuma akan bar siririn bututu a wurin don ci gaba da kashe zafi bayan aiki. "Gwajin ƙuri'a" shi ne binciken da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin likita ba, saɓanin "nazarin waiwaye" da yake bin tsofaffin fayilolin asibiti.

2.0 Garkuwar Jiki a Halin Tsufa

Garkuwar jiki runduna biyu ce. Ta farko ita ce wadda aka haifi mutum da ita, mai kai ɗauki cikin mintoci: niyutirofil masu haɗiye ƙwayoyin cuta, da monosait da makarofej, da ƙwayoyin NK waɗanda Rolf Kiessling da Ronald Herberman suka bayyana, kowa a ɗakin bincikensa, a 1975. Ƙwayoyin NK suna kashe ƙwayar jikin da ta kamu da bairos ko ta rikiɗe ta zama sankara ba tare da sun taɓa haɗuwa da ita ba. Runduna ta biyu ita ce mai koyo da tunawa, wato limfosait na T da na B.

Tsufa ya fi yi wa runduna ta biyu illa a fili. Limfosait na T suna samun horo ne a taimos, wata tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda take ƙanƙancewa tun daga ƙuruciya, kitse yana maye gurbinta. Kafin mutum ya kai saba'in, sababbin ƙwayoyin T da take fitarwa sun zama 'yan kaɗan. Gurbin da suka bari yana cika da tsofaffin ƙwayoyi da suka gaji, da yawansu sun ƙare rayuwarsu wajen tsare bairos guda, sitomegalo, wanda yake zama a jiki har mutuwa. Roy Walford ne ya jawo hankali ga alaƙar tsufa da garkuwa a littafinsa na 1969.

Runduna ta farko ba ta raguwa a adadi sosai, ingancinta ne yake faɗuwa. Ƙwayoyin NK ma kan ƙaru a jinin tsoho, amma kowace ɗaya kisanta ya ragu. Masu bincike a Jami'ar Bamingam ta Ingila sun nuna a 2014 cewa niyutirofil ɗin tsoho yana tafiya da sauri kamar na yaro, sai dai yana ɓatan hanya zuwa wurin cutar, yana ɓarnata naman da ya ratsa. Tun a 2005 wannan jami'a ta nuna cewa tsofaffin da suka karye a kwatangwalo suna samun hauhawar kotisol ba tare da isasshen sinadarin DHEAS da yake daidaita shi ba, kuma niyutirofil ɗinsu yana rage fitar da gubar da yake kashe bakteriya. Matasan da suka karye ba su nuna irin wannan faɗuwa ba.

A kan duk wannan akwai wani kumburi maras ƙarfi da ba ya lafawa, wanda Claudio Franceschi ya siffanta a 2000. Sinadaran kumburi irin su intalukin-6 suna zama sama a jinin tsoho ko da lafiyarsa ƙalau. Wutar tana ci a hankali kullum, amma ranar da ake buƙatar ta tashi da ƙarfi sai ta gaza.

3.0 Abin da Wuƙa Take Yi

Kafin a ɗora wa maganin barci laifi, wajibi ne a cire rabon wuƙa, domin shi ne mafi girma. Da zarar an yanka nama, saƙo yana bin jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci ƙullin da ke saman ƙoda ya saki kotisol da adirinalin. Naman da aka yanka yana sakin furostagilandin da intalukin-6, wanda yake hawa cikin sa'o'i kaɗan gwargwadon girman aikin. Bayan wannan tashin sai danniya ta biyo: adadin limfosait a jini ya faɗi, kisan ƙwayoyin NK ya ragu na tsawon kwanaki, alamar HLA-DR da monosait yake nuna wa ƙwayoyin T abokin gaba da ita ta yi ƙasa. Saurayi yakan farfaɗo daga wannan cikin 'yan kwanaki. Tsoho ya faro ne daga ƙasa, saboda haka ramin da yake faɗawa ya fi zurfi, fitarsa kuma ta fi daɗewa.

A nan ne hujjar masu fifita allurar baya da ta gefen laka ta samo tushe. Idan aka toshe jijiyar tun daga laka, saƙon yankan ba zai isa ƙwaƙwalwa ba, kotisol da adirinalin ba za su hau sosai ba, buƙatar mofin ma za ta ragu. Wannan ya tabbata a aikin ƙafa da na ƙasan mara. A aikin saman ciki da ƙirji toshewar ba ta cika, domin akwai jijiyoyin da allurar ba ta kai gare su, kuma intalukin-6 daga naman yake fitowa kai tsaye, ba ya jiran izinin ƙwaƙwalwa.

4.0 Magungunan

Binciken da aka fi ambato shi ne na ɗakin Shamgar Ben-Eliyahu a Jami'ar Tel Abib, wanda Melamed da abokan aikinsa suka wallafa a 2003. An sa ɓeraye barci da magunguna huɗu ba tare da an yanka su ba, sannan aka zuba musu ƙwayoyin sankara a jijiya. Ketamin da tayofental da halotan sun danne ƙwayoyin NK, sankarar kuma ta fi kama huhu, ketamin ne ma ya fi muni. Furofofol bai yi haka ba. Darajar wannan bincike ita ce ya ware maganin daga wuƙa.

An sami bayanin da ya dace da sakamakon. Aisofuluren da sebofuluren suna maƙalewa a furotin LFA-1, wanda ƙwayar NK take kama abin da za ta kashe da shi, kuma a kwanon gwaji suna sa limfosait su mutu kafin lokacinsu. Furofofol, wanda John Glen ya gano amfaninsa kuma ya shiga asibitocin Birtaniya a 1986, yana kama da bitamin E a ƙirarsa, kuma yana rage samar da furostagilandin. Sai dai iskar shaƙa ba ta rasa nata alheri ba. Danne kumburin da take yi yana iya kare huhu da zuciya a lokacin da aka tsayar da jini aka sake shi. Dannewar da take cutarwa a wani aikin ita ce take taimako a wani.

Mofin da fentanil suna rage kisan ƙwayoyin NK a dabbobi, mofin kuma ya nuna haka a mutane masu lafiya da aka gwada. Taramadol, wanda sunansa ya ɓaci a Afirka ta Yamma saboda masu shan sa don maye, bai nuna wannan illa ba a ƙaramin gwajin da Paola Sacerdote ta wallafa daga Italiya a 2000. Amma kuskure ne a fahimci wannan a matsayin dalilin hana tsoho maganin zafi. Zafin da ba a kashe ba shi kansa yana ɗaga kotisol da adirinalin, yana hana tsoho tari da jan numfashi mai zurfi, majina ta taru, ciwon huhu ya biyo baya.

Ketamin ya fi sauran rikitarwa. Shi ne mafi muni a ɓerayen 2003, amma nazarin da ya tattara gwaje-gwajen mutane a 2012 ya nuna yana rage hauhawar intalukin-6 bayan tiyata. Etomidet kuwa darasinsa ya zo da tsada. Likitoci suna son sa ga tsofaffi domin ba ya kayar da bugun jini, amma yana toshe sinadarin da ake ƙera kotisol da shi. A 1983 Ledingham da Watt suka ba da rahoto daga Gilasgo cewa mace-mace sun ƙaru a tsakanin masu munanan raunuka da aka riƙa ɗura musu shi na kwanaki, aka daina amfani da shi ta wannan hanya. Kotisol mai yawa yana danne garkuwa, rashinsa kuma yana kisa.

5.0 Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Gadon Asibiti

A 2006 Exadaktylos da abokan aikinsa suka waiwayi fayilolin mata 129 da aka yi wa tiyatar sankarar mama a Dabilin ta Ailan. Bayan wata 36, kashi 94 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa musu da allurar gefen ƙashin baya ba su ga dawowar cutar ba, a yayin da sauran suka tsaya a kashi 77. A 2016 nazarin waiwaye na Wigmore a asibitin Royal Marsden na Landan, mai ɗauke da mutum sama da 7,000, ya nuna waɗanda aka yi wa barcin iska sun fi mutuwa a kan waɗanda aka yi wa barcin jijiya. Sakamakon ya yi daidai da na ɓeraye, shi ya sa aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Matsalar nazarin waiwaye ita ce likita ba ya zaɓen magani da ka. Wanda zuciyarsa ta raunana, ko cutarsa ta yi nisa, ko aka kawo shi cikin gaggawa, yakan faɗa ɓangare guda fiye da ɗayan, kuma babu lissafin da zai goge wannan gaba ɗaya. Ƙuri'a ce kaɗai take raba masu ƙarfi da masu rauni daidai.

Amsar ƙuri'a ta fara fitowa a mujallar The Lancet a 2019. Daniel Sessler da abokan aikinsa sun raba mata 2,132 a asibitoci 13 na ƙasashe takwas: wasu furofofol da allurar gefen ƙashin baya, wasu sebofuluren da dangin mofin. Sankarar ta dawo wa kashi 10 cikin ɗari a kowane ɓangare. Gwajin Enlund na Suwidin da Sin, wanda ya fito a 2023, ya sami kusan kashi 92 da rai bayan shekara biyar a ɓangarorin biyu. Ana iya cewa tiyatar mama ƙarama ce, matan kuma ba duka ne tsofaffi ba, kuma wannan suka ce mai ƙarfi. Gwaje-gwaje biyu daga ƙungiyar Dong-Xin Wang ta Jami'ar Pekin sun amsa ta. Na farko, wanda aka wallafa a 2021, ya ɗauki mutum 1,802 masu shekara 60 zuwa 90 da aka yi wa babban aikin ƙirji ko ciki, ya kwatanta barci haɗe da allurar gefen laka da barci shi kaɗai. Tsawon rai bai bambanta ba. Na biyu, na 2023, ya ɗauki mutum 1,228 masu shekara 65 zuwa 90 da aka yi wa babbar tiyatar sankara, ya kwatanta furofofol da sebofuluren. Nan ma tsawon rai bai bambanta ba.

Duk da haka gwaje-gwajen biyu ba su tashi a banza ba. Ruɗewar hankali bayan tiyata, wadda ake danganta wani ɓangare nata da kumburin da ya kai ƙwaƙwalwa, ta ragu daga kashi 5 zuwa 1.8 da allurar gefen laka, ko da yake faɗuwar bugun jini ta fi yawa a wannan ɓangaren. Da furofofol kuma ta sauka daga kimanin kashi 12 zuwa kimanin 8. Ga iyalin da suka taɓa ganin mahaifinsu ya farka bai gane 'ya'yansa ba, yana fizge bututun hannunsa, wannan ragi abin so ne.

A karayar kwatangwalo, inda aka daɗe ana ɗaukar allurar baya a matsayin mafi aminci, gwajin REGAIN na Mark Neuman ya raba mutum 1,600 a asibitoci 46 na Amurka da Kanada. Bayan kwana 60, waɗanda suka mutu ko suka kasa tafiyar mita uku da kansu sun kai kashi 18.5 a ɓangaren allurar baya, kashi 18.0 a ɓangaren barci. Gwajin RAGA na Sin, mai mutum 950, bai ga bambanci a ruɗewar hankali ba.

Dalilin wannan giɓi tsakanin ɗakin gwaji da gadon asibiti ba ɓoyayye ba ne. Maganin barci yana barin jiki cikin sa'o'i, danniyar da wuƙa ta jawo kuwa tana ɗaukar kwanaki, ta tsufa kuma shekaru ta yi tana taruwa. Sannan abin da ake aunawa jinin hannu ne, alhali faɗan yana gudana a huhu da hanta da bakin miki. Raguwar limfosait a jini na iya nufin sun mutu, tana kuma iya nufin sun tafi inda ake buƙatarsu. Ko a ma'aunin jinin ma ba kullum ake samun bambanci ba: gwajin ƙuri'a na mata 201 a Koriya ta Kudu a 2018 bai ga wani bambanci a ƙwayoyin garkuwar da ya auna tsakanin furofofol da sebofuluren ba. Sakamako guda da ya saɓa wa jerin ya fito daga asibitin Tata da ke Mumbai a 2023, inda zuba lidoken a kewayen ƙarin mama kafin yanka ya ɗaga adadin waɗanda suka kai shekara biyar ba cuta daga kashi 82.6 zuwa 86.6 a cikin mata 1,583. Wannan aiki ne a kan ƙarin kansa, kuma bai shafi zaɓi tsakanin barcin iska da na jijiya ba.

6.0 Abubuwan da Suke Kewaye da Maganin

Akwai abubuwa a hannun likitan sa barci da hujjarsu ta fi ta zaɓin magani ƙarfi. Na farko sanyi ne. Barcin tiyata da allurar baya duka suna buɗe jijiyoyin fata, zafin cikin jiki ya tsere, tsoho kuma ba shi da tsokar da zai mayar da shi. Sanyi yana matse jijiyoyin bakin miki, iskar oksijin da niyutirofil yake ƙera gubarsa da ita ta ragu. A gwajin Kurz da Sessler da Lenhardt na 1996, a kan mutum 200 da aka yi wa tiyatar hanji a Ostiriya, miki ya yi ruwa ga kashi 19 na waɗanda aka bari suka yi sanyi, kashi 6 kacal ga waɗanda aka ɗumama. Gwajin PROTECT na 2022, mai mutum sama da 5,000, ya nuna babu ƙarin riba tsakanin digiri 35.5 da 37, wato abin gudu shi ne sanyi mai tsanani.

Na biyu ƙarin jini. Tun 1973 Gerhard Opelz da Paul Terasaki suka lura cewa waɗanda aka ƙara wa jini kafin dashen ƙoda jikinsu ya fi karɓar ƙodar, alamar cewa jinin wani yana danne garkuwa. Abin da ya zama alheri ga mai dashe ba alheri ba ne ga tsoho mai sabon miki, shi ya sa gyara ƙarancin jini kafin ranar aiki yake da muhimmanci. A ɗaya ɓangaren, tsoron da ake yi wa deksametason, wanda ake bayarwa don hana amai, bai tabbata ba. A gwajin PADDI na 2021, miligiram 8 sau ɗaya bai ƙara ruɓewar miki ba, har ga masu ciwon sukari.

Kusan dukkan waɗannan alƙaluma daga Turai da Amurka da Sin suka fito. Babban binciken sakamakon tiyata a Afirka, wanda Bruce Biccard ya jagoranta kuma The Lancet ta wallafa a 2018, ya bi mutum 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya. Matsakaicin shekarunsu bai kai 40 ba, matsalolin bayan tiyata ba su kai na ƙasashe masu arziki yawa ba, amma yiwuwar mutuwa bayan aikin da aka tsara ta ninka ta duniya sau biyu. Kamuwa da ƙwayoyin cuta ce matsalar da ta fi yawa, ta shafi kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma mafi yawan mace-macen sun faru ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin. A ƙananan asibitocin wannan yanki ketamin da allurar baya su ne ginshiƙin aiki, saboda ba sa buƙatar injina masu tsada, kuma ketamin yana riƙe bugun jini da numfashi. Sakamakon ɓerayen 2003 bai isa hujjar ƙaurace masa ba, tunda gwaje-gwajen ƙuri'a ba su tabbatar da fifikon furofofol a tsawon rai ba. Tsohon da ya zo irin wannan asibiti yakan zo a makare, sau da yawa da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, kuma ma'aikaciyar jinya guda ce za ta kula da shi tare da wasu da dama a daren da limfosait ɗinsa suka fi faɗuwa.